Ta'aziyyar da na kai a wani ƙauyen Ostiraliya

Mun tashi daga unguwarmu Hindawiyya a Jidda ana sallame sallar asuba, ni da ƙanena da akwatuna huɗu, Umma na tsaye a bakin ƙofa tana maimaita saƙon da ta riga ta faɗa sau goma. Wurin ƙanwarmu muka nufa, wadda ke aikin jinya a wani ɗan ƙauye can cikin ƙasar Ostiraliya. Shekara shida rabonmu da ita, sai dai a waya. Umma ta so zuwa, gwiwoyi suka hana, aka ce ni in rufe shagon ɗinkina in je in gano mata 'yarta da idona. Wahalar biza kuwa kada ma ku tambaya. Wata biyar muna kai takarda muna dawowa, ga sabunta iƙama, wato takardar zama a Saudiyya, ga jiran kafili mai tsaya mana a ƙasar ya amince da fita da dawowa. Ranar da komai ya kammala na ce halas, magana ta ƙare, ko a ƙafa ne sai na je.

Jirgi biyu muka hau kafin mu sauka a birnin Perth. Na biyun nan, jama'a, na yi barci na farka, na ci abinci na sake barci, na leƙa taga har yanzu ruwa ne a ƙasa. Da muka sauka ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Muna layi sai ga wani ɗan kare da rigar aiki ya zo ya zauna a gaban akwatina. Na ce a'uzubillahi, me na yi masa? Ashe kilishin da Umma ta sa aka kawo mata daga Kano ya jiyo. Allah Ya taimake mu ƙanena ya rubuta a takarda cewa muna ɗauke da abinci. Ma'aikaciyar ta buɗe, ta ɗauke kilishi, ta ɗauke daddawa bayan ta kawar da hanci gefe, ta jujjuya dabino ta mayar mana. Cikin fara'a take yin komai, har da ba ni haƙuri. Ni dai ina kallon kilishin nan yana shiga kwandon shara kamar in yi kuka.

Muna fita waje sanyi ya mare ni. A watan Yuli muka baro Jidda, lokacin da mutum ke wanka sau uku a yini, can kuwa tsakiyar hunturunsu ne. Ni da na zo da abaya mara nauyi sai haƙora suka hau kaɗawa. Muka kwana, washegari muka hau wani ƙaramin jirgi zuwa wani garin ma'adinai a arewa. A nan ƙanwata ta tarye mu da wata ƙatuwar mota duk ta yi ja da ƙasa. Ta rame, ta yi duhu, amma dariyarta na nan. Muka rungume juna muna kuka, ƙanena na cewa yalla yalla mu tafi, mutane na kallonmu.

Daga nan awa biyar a mota. Awa ɗaya kawai muka yi a kwalta, sauran duk jar ƙasa ce mai gargada. Ni haifaffiyar Jidda ce, na san sahara, amma ko a hanyar Madina kana ganin gidan mai da masallaci da mai shayi. A nan babu kowa. Wallahi mun yi awa biyu ba mu ga ɗan Adam ba, sai ciyawa mai tsini da gajerun itatuwa, sai gawar kangaru a gefen hanya. Can sai ga wata babbar mota mai jan bodi huɗu a jere, ƙanwata ta sauka gefe muka jira ƙurarta ta lafa. Abin da ya fi girgiza ƙanena shi ne raƙuma. Garke guda, sun kai talatin, ƙosassu, suna kiwo abinsu. Ya tambayi na waye. Ta ce ba na kowa ba ne, na daji ne, sun ma yi wa mutane yawa har harbe su ake yi. Bawan Allah nan ya riƙe kai, ya ce a tsaya ya sauka. Sai da na ce masa ya zauna, da wane jirgin zai kai su Jidda?

A hanyar ne ta ce mana an yi rasuwa a ƙauyen, kwana huɗu da suka wuce. Wani dattijo ne da na san labarinsa sarai. Shi ya karɓe ta lokacin da ta zo ba ta san kowa ba, shi ya ce wa mutane wannan 'yata ce, kuma ta sha turo mana hotonsu tare. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, za ku ji dalili. Na yi salati na ce Allah Ya ba su haƙuri. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai muka faɗa wani rami, hira ta koma kan taya.

Ƙauyen bai kai rabin layinmu yawan mutane ba. Gidaje na kwano a warwatse, makaranta ɗaya, kanti ɗaya, ɗan asibitin da take aiki, da karnuka fiye da ƙima. Mutanen Aborijin ne, wato 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Baƙaƙe ne kamar mu, wasu sun fi ni duhu, amma gashinsu mai laushi ne, na wasu yaran har fari-fari yake. Maganarsu a hankali, kuma ba sa kallon mutum cikin ido. Da farko na ɗauka shariya ce, ƙanwata ta ce ladabi ne. Na shiga kanti in sayi kayan miya na fito ina salati: kuɗin tumatir huɗu a can zai saya mini kwali guda a kasuwar kayan lambu ta Jidda. A cikin firij kuma ga jelar kangaru da gashinta, a jere kamar rake, mata na zaɓa. Da lokacin sallah ya yi na juya gabas yadda na saba tun ina yarinya, ƙanwata ta kamo kafaɗata ta juya ni wajen faɗuwar rana. Ko alƙibla a can sai an nuna maka.

To, ga inda na yi abin da ya sa nake wannan rubutu.

Kwana na biyu da safe ƙanwata ta tafi aiki. Ina zaune na ce a raina, yanzu mutumin da ya riƙe mana yarinya shekara da shekaru ya rasu, ni yayarta ina gari, in zauna ina shan shayi? Ai Umma ma ba za ta yafe mini ba. A unguwarmu ko maƙwabcin da ba ku shiri aka yi wa rasuwa, kin ɗora tukunya kin tafi. Na tashi na dafa shinkafa bukhari da kaji biyu, na sa ƙanena ya koya mini jimla ɗaya ta Turanci, na yi ta maimaitawa har ta zauna. Ban tambayi kowa ba. Ni a ganina ta'aziyya ai ta'aziyya ce ko'ina a duniya.

Ba a gidan mamacin ake zaman ba. Iyalin sun fita daga gidan gaba ɗaya, sun kafa rumfunan tamfol a bayan gari, mata a gefe, maza a gefe, kowane da wutarsa. Ƙanena ya tsaya daga nesa, ni na ɗauki tukunya na nufi mata. Sun kai ashirin a zaune a ƙasa, wasu sun shafa farar ƙasa a fuska, wasu sun datse gashi. Shiru wurin yake, ko tari babu. Na gane matar marigayin don na taɓa ganinta a hoto, wata tsohuwa siririya da ƙafa ɗaya a naɗe da bandeji. Na ajiye tukunya, na durƙusa a gabanta, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na karanto jimlata: ni yayar ma'aikaciyar jinya ce, na zo daga Saudiyya, ina yi muku ta'aziyyar wane. Na kira sunansa cikakke. Na ga kamar ba su gane ba, don duk sun sunkuyar da kai, sai na sake kira, har sau uku. Don in tabbatar musu ni ta gida ce, na ciro waya, na buɗe hotonsa yana dariya kusa da ƙanwata, na miƙa mata daidai fuska.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙarar da tsohuwar nan ta yi, har yau tana kunnena. Ta rufe fuska da hannu biyu ta juya mini baya, sauran matan suka ɗauki kuka gaba ɗaya, wata ta fara dukan kanta. Maza suka miƙe tsaye daga can. Ni kuwa ina durƙushe da waya a hannu, ban san me ya faru ba. Wata matashiya ta zo ta kife wayar a tafina, ta kama hannuna, ta raka ni har bakin hanya ta juya.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Ƙanwata ta shigo da kayan aiki a jikinta, ba ta yi faɗa ba, ta zauna a ƙasan kicin kawai.

"Yaya, wa ya aike ki?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Aike kuma? Don na kai abinci gidan rasuwa sai an aike ni?"

Ta ce, "A nan ba a kiran sunan wanda ya mutu. Ba a nuna hotonsa. Wata da watanni, wani lokaci shekaru. Ko mai suna irin nasa sai an canja masa abin da za a riƙa kiransa. Direban asibitinmu Bature ne, sunansu ɗaya, tun ranar da aka yi rasuwar ba wanda ya sake kiransa da sunansa."

Na ce to me ya hana ta faɗa mini? Ta ce laifinta ne, ta yi niyya a mota ta manta, kuma ba ta taɓa zaton zan fita ni kaɗai ba. Sannan ta faɗi abin da ya fi muni. Tsohuwar tana da ciwon suga, akwai miki a ƙafarta da ya ƙi warkewa, kullum sai an wanke an sake naɗi. Duk asibitin ba ta yarda kowa ya taɓa ƙafar sai ƙanwata, kuma shekara biyu ta yi tana lallaɓa ta kafin ta yarda. Tunda aka fara zaman makoki, ita ce ke zuwa rumfar kowace safiya da jakarta.

Washegari ta ɗauki jakar ta tafi, ko minti goma ba ta yi ba ta dawo. Sun ce kada ta zo. A ganinsu ita ta ba ni hoton, ita ta ba ni sunan, ita ta turo ni. An aika wani ma'aikacin, tsohuwar ta ƙi ko kallonsa. Kwana ɗaya, biyu, uku, kullum ƙanwata na zuwa ana dawo da ita. Ba ta sake yi mini maganar ba, wannan ya fi komai ci mini rai. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai in ga ta tsaya tana wanke kofi ɗaya minti biyar, na san lissafin ƙafar nan take yi. Na ce zan je in ba da haƙuri, in durƙusa, in yi kuka in ya kama. Ta ce, "Don Allah Yaya, ki rufa mini asiri ki zauna."

Akwai wata mata 'yar garin da suke aiki tare a asibitin, dangin marigayin ce ta nesa. Ita ce ta tausaya mana. Ranar Asabar ta zo da mota ta ce a fito da baƙi su sha iska. Muka yi tafiyar awa guda zuwa wasu jajayen duwatsu, muka ajiye mota muka bi wani busasshen rafi a ƙafa, itatuwan turare masu farin jiki a dama da hagu. Ƙuda kuwa, ya Latif, ko baki ka buɗe sai sun shiga. Kafin mu ƙarasa ta tsayar da mu, ta ɗaga murya ta yi magana da yarensu tana fuskantar duwatsun. Ƙanwata ta raɗa mini cewa sanarwa take yi ta zo da baƙi. Muna zagaya dutsen sai ga ruwa kwance a tsakiyar wannan ƙeƙasasshiyar ƙasa, kore shar, mai sanyi. Matar ta ɗebi ruwan a baki ta fesa, ta ce gaisuwar wurin kenan. Ni dai na yi bismillah na wanke fuska. Sai ga tsuntsaye, 'yan koraye irin waɗanda ake sayarwa biyu-biyu a keji a Jidda, sun taso dubbai sun rufe sama. Na tsaya baki buɗe, ƙuda suka samu hanya.

A jikin duwatsun akwai zane-zanen da aka sassaƙa, sawun tsuntsu, kangaru, da'ira cikin da'ira. Ta ce kakanninsu ne suka yi, tun ba a san da Bature ba. Akwai gefen da ta ce mu mata ba ma zuwa, ita ma ba ta taɓa taka wurin ba duk da a nan aka haife ta. Ƙanena ya ciro waya, ya kalle ni, ya tambaye ta tukuna. Ta nuna masa inda zai ɗauka da inda ba zai ɗauka ba. Ta hura wuta ta gasa mana burodi a cikin toka, da shayi a gwangwani, da wani damo da ta kama a hanya. Ƙanena ya ci yana cewa ai Larabawan ƙauye ma suna ci, ni na ce Allah Ya ba shi lafiya, burodi ya ishe ni. Muna ci ta tura leɓe wajen wani tsauni, yadda mu ma muke nuni da baki, ta ce tsohon nan shi ya san waƙar wurin nan tun daga farko har ƙarshe. Tsohon nan kawai ta ce, kuma muryarta ta yi rawa. A nan na gane ba mantawa da shi suke son yi ba. Ciwon ne ya yi yawa har sunan ba ya taɓuwa.

Na roƙi ƙanwata ta tambayar mini ita yadda zan gyara. Matar ta ce a wurinsu ba a ba da irin wannan haƙurin da baki. In ina so, ranar Laraba ta kai ni in zauna, amma ba magana, ba waya, ba tukunya.

Haka aka yi. Ta zaunar da ni a ƙasa can gefen matan, ta tafi aikinta. Ni da ko a sahun sallah sai an harare ni saboda surutu, na yi awa biyu ban ce komai ba. Tsohuwar ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Amma ni ina ganin ƙafar. Bandejin ya yi baƙi, an ɗaura wani tsumma a kai, ƙuda na sauka suna tashi. Bakina ya yi ta motsi, in ce don Allah ki bari a wanke, ni ce mai laifi ba ita ba. Na danne. Hawaye kawai nake yi. Can matashiyar nan da ta raka ni ranar ta kawo mini shayi a kofin roba ta ajiye a gabana. Na sha, na tashi na tafi. Iyakar abin da na samu kenan, kuma har muka bar ƙauyen ranar Juma'a ba a kira ƙanwata ba.

Dawowa ba ta yi mini tsawo ba, ko don hankalina ba ya jikina. Mun sauka Jidda da la'asar, zafi ya rungume mu tun daga ƙofar jirgi. A gida maƙwabta sun cika falo, kowa na tambayar raƙuma da kangaru, ƙanena na ta ba da labari yana ƙara gishiri. Sai da aka watse na zauna kusa da Umma na faɗa mata komai. Ina jiran ta ce ai mutanen ne da tsauri. Ta dube ni ta ce, "Ke ce 'yar farina. Shekara arba'in da uku kina gabana, kin taɓa jin na kira sunanki?" Na girgiza kai. Ta ce, "To don ba na son ki ne?" Ban taɓa ji ba kuwa. Abin yana cikin gidanmu tun ina tsumma, ban gane shi ba da na gan shi a gidan wasu.

Bayan kwana huɗu saƙon ƙanwata ya shigo. Tsohuwar ta aiko a kira ta. Da ta buɗe ƙafar ta san aikin ya fi ƙarfinta, aka kira jirgin likitoci ya ɗauke ta zuwa birni. An ceto ƙafar, amma an cire yatsu biyu. Ƙanwata ta ce kada in ɗora wa kaina, mai yiwuwa ko da ana wankewa kullum hakan za ta faru. Mai yiwuwa. Ni dai na san kwana goma sha biyar aka yi ba a taɓa mikin nan ba, kuma na san wanda ya jawo.

Masu tambayata ko Ostiraliya da kyau, da kyau ƙwarai, ku je in Allah Ya ba ku iko. Abin da na koyo shi ne kyakkyawar niyya ba ta isa ba a garin da ba naka ba. Tambaya ɗaya da na yi wa ƙanwata a ranar, ta minti ɗaya, da ta wadatar. Yanzu duk lokacin da na zo wanke ƙafa a alwala ina tsefe yatsuna, sai na tuna akwai wata tsohuwa a can da nata ba su cika ba, kuma ba ta yi mini komai ba.